Yadda Na Daidaita Katirij Mai Motsin Koyil da Akwatin Fono ta Hanyar Taransifoma

Lambobi biyu ne a takardar da ke cikin kwalin katirij na Denon DL-103, wato ɗan kan da ke riƙe allurar garmaho yana mayar da rawarta wutar lantarki, waɗanda aikin duka ya rataya a wuyansu: wutar da katirij ɗin ke fitarwa milibolt 0.3 ce, tirjiyar koyil ɗinsa kuma om 40. Akwatin fono da ke gabana kuwa, wato na'urar da ke ƙara wa wutar katirij ƙarfi kafin ta isa amfilifaya, na bawul ne, kwalaben lantarkin nan na kafin zuwan taransisto, kuma ba don irin wannan katirij aka ƙera shi ba. An yi shi ne don mai motsin maganaɗisu, wanda ake taƙaitawa da MM. Yana sa ran ganin milibolt 3 zuwa 5 a bakinsa, ya ninka su sau ɗari, wato desibel 40, sannan lodin da yake ɗora wa duk abin da aka jona masa, wato tirjiyar da ke bakinsa, om 47,000 ne, kamar kusan kowane akwatin MM. In ka haɗa su kai tsaye waƙa za ta fito, ba wai ba za ta fito ba. Sai dai ka murɗe maɓallin ƙara har ya tsaya, ka zauna kana sauraron hucin bawul da ɗan kiɗa can a bayansa.

Ƙarancin wutar ba lahani ba ne, daga ƙirar yake. A katirij na MM, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne maƙale a jikin sandar allura yana rawa, koyil na kafe wuri ɗaya, don haka maƙeri zai iya naɗa waya zagaye dubbai ba tare da ya nauyaya allurar ba. A mai motsin koyil, wato MC, an juya lamarin: maganaɗisu ne a kafe, koyil ke rawa tare da allura. Duk zagayen wayar da aka ƙara nauyi ne da allura za ta riƙa kaiwa da komowa da shi cikin kwarmin faifai sau dubbai a daƙiƙa guda. Shi ya sa ake taƙaita naɗin, a yi shi da wayar da ta fi gashi siranta. Zagaye kaɗan, bolt kaɗan, amma kuma tirjiya kaɗan, kuma nan ne taransifoma ke samun abin kamawa. Ita ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga babu. Tana karɓar ƙaramin bolt daga tushe mai ƙaramar tirjiya, ta mayar da shi babban bolt daga tushe mai babbar tirjiya, wanda shi ne daidai abin da bakin bawul ke so.

Da na ga dama da na sayi wani akwatin mai mashigar MC, ko in sa ƙaramar amfilifaya ta taransisto a gaba. Na zaɓi taransifoma ne saboda ina son muryar akwatin da nake da shi, kuma ita ba ta shan wuta, ba ta da abin da zai yi huci sai ɗan abin da tirjiyar wayarta ke haifarwa. Hanyar ma tsohuwa ce. DL-103 ya fito ne a farkon shekarun 1960, Denon ta yi shi tare da gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, don aikin watsa shirye-shirye, kuma har yau ana ƙera shi. Kamfanin Ortofon na Denmak, wanda ya fitar da katirij na MC mai suna SPU a ƙarshen shekarun 1950, har ya yi wani nau'in da aka cusa 'yan mitsi-mitsin taransifoma a cikin kan da ke ɗauke da katirij ɗin. A zamanin bawul babu wata mafita mai sauƙi da ta wuce wannan.

Kafin in taɓa waya sai da na zauna da biro da takarda, kuma lissafin nan shi ne rabin aikin.

Taransifoma tana da naɗi biyu, na shiga da na fita. In na fita ya ninka na shiga sau goma, ana rubuta 1:10, bolt ya ninku sau goma, wato desibel 20. Na 1:20 desibel 26 ne, na 1:30 ya kusa 30, na 1:40 kuma 32. Kallon farko sai mutum ya ce abu mai sauƙi: ina da 0.3, ina son 5, in nemi wadda za ta ninka sau goma sha bakwai ko ashirin, a wuce wurin. To amma lambar nan guda ɗaya aiki biyu take yi. Tana ninka bolt, tana kuma rage lodin da katirij ke gani, kuma ba da lambar kanta take ragewa ba, da lambar ninke da kanta. Om 47,000 ɗin da ke bakin akwati, in ka leƙo shi ta cikin 1:10, raba shi za ka yi da 100, ya zama om 470. Ta cikin 1:20 raba da 400, kusan om 117. Ta 1:30 om 52. Ta 1:40 bai kai om 30 ba.

Yanzu tuna cewa koyil ɗin katirij yana da tirjiyar kansa, om 40, kuma wutar da ya haifar rabuwa take yi tsakanin wannan tirjiya da lodin da ke waje. Abin da ya faɗa a waje kaɗai ke isa taransifoma. A 1:10, kashi 470 cikin 510 ne ke fita, wato wajen kashi 92 cikin ɗari, sai ka sami milibolt 2.8 a bakin akwati maimakon 3. Asara kaɗan. A 1:20 kashi 75 cikin ɗari ne ke tsira, ka tashi da milibolt 4.5 maimakon 6. A 1:30 ka sami 5.1 maimakon 9. A 1:40 kuwa, 5.1 ɗin dai, ko ma ƙasa da haka kaɗan. Na sake lissafin nan don in tabbatar, haka yake. Daga wajen 1:34, inda lodin ya sauko daidai da tirjiyar katirij, duk zagayen da ka ƙara baya yake mayar da kai. Wannan ma ban sa tirjiyar wayar taransifomar a ciki ba, wadda ita ma tana cin nata rabon. Abin kamar giyar keke ne: babbar giya na ba ka nisa a kowane juyi, amma in ƙafar ba ta da ƙarfin tura ta a kan tudu, ba inda za ka je.

Daga nan na gane zaɓina bai wuce tsakanin 1:10 da 1:20 ba. Tazarar da ke tsakaninsu ma ba desibel 6 ba ce kamar yadda sunansu ke nunawa, desibel 4 da ɗoriya ce kawai.

Taransifomar farko da na gwada aro ce, daga hannun wani dattijo da ya daɗe yana gyaran na'urorin ɗakin watsa shirye-shirye. Tsohuwa ce, cikin gwangwani mai nauyi, da makunni a gaba mai rubutu biyu: 3 da 40, kowanne da alamar om. Babu inda aka rubuta 1:10 ko wani abu mai kama da shi.

Na ce, "Malam, wannan 3 da 40, tirjiyar taransifomar ke nan?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Ba nata ba ne, na katirij ɗin da aka naɗa ta dominsa ne. In ka sa a 3, zagayen shiga kaɗan ne, ninkin ya yi yawa. In ka sa a 40, zagayen shiga sun ƙaru, ninkin ya sauko. Naka nawa ne?"

"Arba'in."

"To ka sa a arba'in. Amma in ka je ka ɗanɗana ukun ma, ka ji abin da take yi. Kunne ya fi takarda riƙe darasi."

Na ɗanɗana kuwa. A 40 komai ya zauna daram. Da na juya zuwa 3, ƙarar ta ɗan ƙaru, kuma a minti na farko sai ka rantse ya fi daɗi, don kunne mai son abin da ya fi ƙara ne. Da na rage maɓalli suka zo daidai, sai asiri ya tonu. Babbar gitar bes ta rame, kana jin yatsa na taɓa igiya amma jikin sautin babu. Kuge da ke sama kuma ya dusashe, kamar an ja labule. Gefe biyu suka tafi lokaci guda, kuma kowanne da dalilinsa.

Na ƙasa tukuna. Naɗin shiga yana da abin da ake kira indaktans, wato turjewar da naɗi ke yi wa wuta mai sauyawa, ana auna shi da henri, kuma gwargwadon saukar sauti zuwa ƙasa, gwargwadon yadda naɗin ke komawa kamar gajeriyar hanya da wuta za ta bi ta zille. Inda bes ke fara zubewa ya dogara ne da tirjiyar katirij a kan wannan indaktans. Naɗi mai henri 1 da katirij mai om 40 zai fara zubarwa ne a wajen haz 6, wato kaɗawa shida a daƙiƙa, can ƙasa da abin da kunne ke ji. In henri 0.1 ne, wurin ya hau zuwa wajen haz 60, tsakiyar inda bes ke aiki. Katirij mai om 3 a kan wannan naɗin ɗin dai ba zai ji komai ba, don nasa wurin yana ƙasa da haz 5. Ashe taransifomar da aka naɗa don ƙaramar tirjiya ba ta yi laifi ba, an ba ta kayan da ba nata ba ne. Wannan ne abin da lambar ninki kaɗai ba za ta gaya maka ba: taransifoma biyu duka 1:20 na iya bambanta ƙwarai a yawan zagayensu, ɗaya ta dace da om 40, ɗaya ba ta dace ba.

Na sama kuma daga ɓangaren fita yake zuwa. Yadda lodi ke raguwa in ka leƙo daga gefen katirij, haka tirjiyar katirij ke kumbura in ka leƙo daga gefen akwati. Om 40 ta cikin 1:10 ya zama 4,000. Ta 1:20 ya zama 16,000. Ta 1:30 ya zama 36,000. Shi kuwa kebul ɗin da ke tsakanin taransifoma da akwati yana da kafasitans, wato halin riƙe ɗan cajin wuta, kebul na gama-gari wajen fikofarad 100 a kowace mita, ga kuma wanda ke cikin akwatin kansa, wanda a na bawul ba kaɗan ba ne. Ka haɗa su ka ce 300. Babbar tirjiya da kafasitans in sun haɗu rariya suke zama, su tace saman sauti. A 1:10 tacewar na farawa ne sama da kilohaz 140, ba ruwan kowa. A 1:20 ta sauko wajen 45. A 1:30 ta iso wajen 26, kuma tun kafin nan ta fara gutsurar abin da kunne ke ji, balle in an ƙara kafasitans ɗin naɗin taransifomar kanta.

Da wannan a kaina na nemi tawa. Masu naɗa irin waɗannan taransifoma ba su da yawa: akwai Lundahl a Suwidin, Sowter a Ingila, Jensen da Cinemag a Amurka, Hashimoto a Japan, da wasu ƙalilan. Na sayi guda biyu tsirara, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, irin masu naɗin shiga kashi biyu. In ka jera kashin biyu ɗaya bayan ɗaya ka sami 1:10, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa ka sami 1:20. Abin da na fi dubawa a takardarsu shi ne iyakar tirjiyar katirij da maƙerin ya ce kowane haɗi zai ɗauka, da kuma ko akwai rigar ƙarfen nan mai tare maganaɗisu da ake kira mumetal.

Haɗa akwatin bai ɗauki dogon tunani ba. Ƙaramin akwatin ƙarfe, soket huɗu da ba su taɓa jikin akwatin ba, kusar wayar ƙasa guda, makunni mai kyau na sauya ninki, wayoyi gajeru a murɗe bibbiyu, a liƙe da dalma. Abu ɗaya da dattijon ya ja min kunne a kai, kuma maƙera da yawa na faɗa: kada a ɗora mitar awon lantarki a kan naɗin don auna tirjiya ko duba ko waya ta tsinke. Mita na tura wutar batir ne, kuma wannan wuta na iya barin maganaɗisu a zuciyar ƙarfen taransifomar, wadda aka yi ta don siginar da ba ta kai milibolt ɗaya ba. Na duba haɗin wayoyina da mita kafin in liƙa taransifomar, bayan nan mita ba ta sake kusantarsu ba. Haka ma koyil ɗin katirij, ban auna shi ba, na yarda da takarda.

Sai ƙugi. Duk wanda ya ce maka ya jona taransifoma ya kunna shiru ya biyo baya, to ya taki sa'a. Tsakanin desibel 20 na taransifoma da 40 na akwati, ana ninka abin da ya shigo sau dubu, kuma gyaran sautin da akwatin fono ke yi, mai suna RIAA, wanda aka tsayar tun 1954, yana ƙara wa can ƙasan sauti kusan desibel 20 a kan haka, don a mayar da bes ɗin da aka rage lokacin yanka faifai. Ƙugin wutar lantarki, haz 50 ko 60 gwargwadon ƙasar da kake, a wannan yankin yake zaune. Ka ga kuwa an shimfiɗa masa tabarma.

Ƙugi iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne maganin. Na ɗaga allura daga faifai, na bar katirij a jone, na ƙara murya. Akwai wani zizar mai kaifi da ke raguwa in na ɗora yatsa a kan hannun garmaho, ya dawo in na ɗauke. Wannan na wayar ƙasa ne. Na kai wayar ƙasan garmaho zuwa kusar akwatin taransifoma, na ja wata daga nan zuwa kusar akwatin fono, ya ɗauke ɗif. Abin da ya rage wani gurnani ne mai kauri, mai santsi, wanda taɓa ƙarfe bai dame shi ba. Na ɗauki akwatin taransifomar a tafin hannu, igiyoyinsa na reto, na fara juya shi a hankali. Gurnanin ya ƙaru, ya ragu, ya kusa ɓacewa a wata kusurwa, na ƙara juyawa ya dawo. Na ɗaga shi sama taƙi ɗaya daga kan shiryayye ya ragu sosai. Na matsar da shi kusa da amfilifaya ya yi ruri. Babbar taransifomar wuta da ke cikin amfilifayar ce ke feso maganaɗisu, ƙananan nawa na tsinta duk da rigar mumetal. Babu wayar ƙasa da ke maganin wannan, nisa da kusurwa ne kawai. Na mayar da amfilifaya shiryayyen ƙasa, akwatin taransifoma ya zauna a gefen garmaho da ke nesa da motarsa, a ɗan karkace. Bai yi kyan gani ba, amma sai ka manna kunne a lasifika kafin ka ji wani abu.

Wajen zama ya kawo tambayar kebul: wanne za a tsawaita, na shiga ko na fita? Na fita ne ya kamata ya gajarta, saboda lissafin kafasitans ɗin can. Na yanka rabin mita na kebul mai ƙarancin kafasitans da kyakkyawar riga. Na shiga, wanda ya fito daga hannun garmaho, kafasitans bai dame shi ba, tunda tirjiyar da ke wurin ƙarama ce. Shi abin da yake so tsabtar soket ne da matsewa, don sigina a nan ba ta da ƙarfin tsallake datti.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar lodi, don nan ne surutu ya fi yawa tsakanin masu wannan sha'awa. Takardar DL-103 ta ce om 100 ko sama da haka. Mutane da yawa na karanta wannan kamar umarni ne a sa 100 cif, alhali ƙasan iyaka aka faɗa. Akwai kuma ƙa'idar da aka saba, cewa lodi ya ninka tirjiyar katirij kamar sau goma, wanda 470 ya cika har da ɗori. Duk da haka na gwada. Lodi ta taransifoma ana sauko da shi ne ta hanyar ƙara rizista a gefen fita, kafaɗa da kafaɗa da 47,000 ɗin akwati. Wata 47,000 ɗin ta mayar da jimla 23,500, katirij ya ga om 235 a 1:10, ƙara ta ragu da abin da bai kai desibel 1 ba. Don ya ga om 100 sai ka sa wajen 12,700, kuma a nan ka zubar da fiye da desibel 2 na ƙarin da ka sayi taransifoma dominsa.

Kowane gwaji sai da na daidaita ƙarar tukuna. Faifan gwaji mai sautin kilohaz 1, mita a bakin amfilifaya, in murɗa har lamba ta zo ɗaya, sannan in sa waƙa. In ba a yi haka ba, ba lodi ake kwatantawa ba, ƙara ake kwatantawa. Da aka daidaita, bambancin 470 da 235 ya yi ƙanƙantar da ba zan sa hannu a wuta a kansa ba. A 100 kuwa na ji kiɗan ya ɗan kwanta, dukan ganga ya rasa wani abu na zafinsa. Wani zai kira wannan laushi ya so shi. Ni ban so ba.

Ra'ayina a nan, kuma lissafi na goyon bayansa: koyil ɗin MC indaktans ɗinsa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da maikurohenri, saboda haka rizista ba ta cika sauya yadda shi kansa katirij ke amsa sautin da kunne ke ji ba. Abin da rizistar ke lallashi galibi taransifomar ce. Kowace taransifoma na da ɗan indaktans da ke yoyo tsakanin naɗinta biyu, kuma shi da kafasitans suna haɗuwa su yi wani tsini can sama da iyakar ji. In tsinin ya yi tsawo, gindinsa na iya saukowa ya ɗaga saman sauti, kiɗa ya yi ƙarfe-ƙarfe.

Wannan ana ganinsa da ido. Na cire katirij, na kwaikwayi shi da injin sigina: babbar rizista a jere don rage ƙarfi, da ƙarama mai om 40 a bakin taransifoma a madadin koyil. Na tura sigina mai tashi tsaye ta sauka tsaye, kilohaz 1, na ɗora osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a fuskarta, a gefen fita, da kebul na gaskiya da akwatin fono a jone. A 1:10 kusurwar ta fito da ɗan ƙaho guda, ya kwanta nan take. A 1:20 babu ƙaho, kafaɗar ma ta ɗan zagaye, wato saman ya fara tafiya kamar yadda takarda ta ce. Sai na canja ƙaramar rizistar zuwa om 3, na koma 1:10. Nan layin ya yi karkarwa, ƙaho bayan ƙaho suna raguwa kafin ya miƙe. Ashe om 40 ɗin da ke cin wuta a lissafin farko shi ne kuma ke danne karkarwar a kyauta. Ga katirij mai ƙaramar tirjiya, maganin da ya fi rizista tsura shi ne rizista da ƙaramin kafasito a jere, a ɗora su a gefen fita. Suna aiki ne can sama kawai, ba sa taɓa lodin tsakiya, kuma wasu maƙera na rubuta ƙimar da ta dace a takardar taransifomar.

Na tsaya a 1:10, babu ƙarin rizista. Milibolt 2.8 sau ɗari ya ba da wajen milibolt 280, wanda ya sa maɓallin ƙara ke hawa sama fiye da inda yake tsayawa in ana jin CD, kuma wannan ba ya cutar da komai matuƙar huci bai biyo ba. Bai biyo ba. 1:20 ya fi cika ɗaki da sauri, kuma da akwatina desibel 35 ko 36 yake bayarwa da can zan koma ba tare da jinkiri ba. Amma a 40, abin da zan samu desibel 4 ne, abin da zan bayar kuma sararin sama ne da kashi uku cikin huɗu na indaktans ɗin shiga, tunda haɗa naɗin kafaɗa da kafaɗa na mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu. Cinikin bai yi min ba.

Akwai kuma wata riba a ƙaramin ninki da ba a cika ambata ba. Milibolt ɗin da ake rubutawa a takarda na gudun allura santimita 5 a daƙiƙa ne, kuma faifai mai zafi na wuce wannan ninki da yawa a wuraren da kiɗa ya tashi, balle ƙas-ƙas ɗin ƙura da karce, waɗanda ke zuwa da kaifi. Kowane akwatin fono na da iyakar abin da zai haɗiya kafin ya shaƙe. Wanda ke da katirij mai milibolt 0.5 da ƙaramar tirjiya, ya sa 1:20, ya kai wa akwati kusan milibolt 10, ya cinye desibel 6 daga wannan sarari tun waƙa ba ta fara ba. Alamar ita ce muryar mawaƙi na tsagewa a wurin da ya ɗaga, a ɗora laifin a kan allura. Su kuwa MC masu babbar fitarwa, na wajen milibolt 2, ba sa bukatar taransifoma ko kaɗan, kai tsaye ake jona su.

Daga baya dattijon ya ba ni aron katirij irin na SPU, mai milibolt 0.2 da om 2, don in ga ɗaya fuskar lamarin. Sai da na sake saita nauyin hannun garmaho, don kan ya fi nawa nauyi sosai. Amsar duka ta juye. A 1:10 milibolt 2 kawai ya bayar, ga kuma ɗan ƙarfe-ƙarfen nan a sama da osiloskof ya riga ya nuna. A 1:20, lodin om 117 ya ninka tirjiyarsa kusan sau sittin, asara ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, milibolt 3.9 suka isa akwati. Tirjiyar da kebul ke gani 800 ce kacal, ba 16,000 ba, don haka saman bai dusashe ba, bes kuma ya tsaya da ƙafarsa. Tsohuwar taransifomar aro a kan 3, wadda ta ramar da DL-103, da wannan katirij ita ta fi kowa, har na ji nauyin mayar da ita.

Na mayar da katirij da taransifomar ga mai su, na dawo da DL-103 kan hannu a nauyin giram 2.5, makunni ya koma 1:10. Duk lokacin da zan taɓa makunnin nan sai na rufe murya tukuna, don ƙaramin tsalle a naɗin shiga yana isa lasifika ne bayan an ninka shi sau dubu.